Daga Madafa: Ranar da jan kifi ya sauka a Gusau

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san wannan fitowar. Alhaji ya na zaune a gaban tebur, Hajiya ta jera kuloli kamar za a yi walimar sauka, ga kwalin lemo, ga cokali mai yatsu. Sai a buɗe kula ɗaya a zuba shinkafa, Alhaji ya kai loma guda baki, waya ta yi ƙara, ya miƙe ya fice. Shi kenan an gama da abinci. Ba a nuna wa ɗan kallo yadda aka yi girkin, balle a nuna masa ranar da girki ya ƙi. Alhali duk matar da ke riƙe da gida ta san irin zufar da ake yi a madafa idan baƙo ya na falo, tukunya kuma ta ƙi ba da haɗin kai.

Labarin wannan wata a unguwar Tudun Wada da ke Gusau ya faru. Da wani furodusa zai ɗauka, da ya samu fim ba tare da ya leƙa na Indiya ba.

Amarya ce 'yar Tsafe, wata bakwai da tarewa. Mijin ta mutumin Bungudu ne, aiki kan kai shi Abuja lokaci-lokaci. Mahaifiyar sa dattijuwa ce mai fama da hawan jini, likita ya ce ta rage jan nama da gishiri, ta riƙa cin kifi. To, nan gizo ke saƙa, domin Inna ba ta shiri da kifi ko kaɗan. Tarwaɗa ta ce ƙarni. Ƙarfasa ta ce ƙaya. Na ƙanƙara kuwa cewa ta yi ba ta cin abin da ba ta san ranar da ya mutu ba. Giwan ruwa kaɗai ta ke ragawa, shi kuma ba kullum ake samun sa ba.

Rannan maigidan ya shiga wani babban kanti a Abuja, ya ga wani kifi a firji, naman sa ja-ja kamar cikin gwanda. Abokin aikin sa ya ce ai samon kenan, ba shi da ƙaya sosai, kuma likitoci na yabon man sa ga masu ciwon zuciya. Bawan Allah bai tsaya dogon tunani ba, ya sayi yanka huɗu da kuɗin da za su yi wa gidan sa cefanen kwanaki. Ya zuba a kula da ƙanƙara, ya yi sammako ta Kaduna da Zariya, don ya wuce Funtuwa da Tsafe da sauran rana. Kowa ya san a 'yan shekarun nan ba a son yamma ta riski mutum a wannan hanya. Da ya iso ya dire kula a gaban amarya, ya ce, "Gobe Inna za ta zo daga Bungudu. Ga shi nan, ki nuna mata ke 'yar Tsafe ce."

Ya faɗa ne cikin wasa. Ita kuwa gaban ta ya faɗi, don ko a hoto ba ta taɓa ganin kifin ba.

Kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya san baƙon. Turawa na rubuta sunan sa da harafin "l" a tsakiya, amma ba su furta shi, shi ya sa kunne ke jin "samon". Kifi ne na ƙasashen sanyi, irin su Norwe da Sikotlan da Kanada da jihar Alaska ta Amurka. A ƙananan rafuka masu ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe shi. Idan ya yi shekara ɗaya ko fiye, sai ya gangara teku ya yi kiwo ya yi ƙiba. Lokacin zuba ƙwai na yi, sai ya juyo ya na haurowa gaba da ruwa, ya na tsallake duwatsu, har ya iso ainihin rafin da aka haife shi. Masana sun ce da ƙamshin ruwan ya ke gane gida. Ɗan cirani kenan, wanda duk nisan da ya yi a Kurmi, damina na faɗuwa zai nemi motar garin su. Jan launin nan kuma daga abincin sa ne, wato ƙananan jatan lande da makamantan su, masu wani sinadari da ke rina tsoka.

Sai dai yawancin wanda ake gani a kantuna yau na kiwo ne. A shekarar 1970 wasu 'yan'uwa biyu, Ove da Sivert Grøntvedt, su ka zuba 'ya'yan samon a cikin kejin raga a bakin tekun tsibirin Hitra na ƙasar Norwe. Daga wannan gwaji aka samu sana'ar da yanzu ke fitar da fiye da tan miliyan ɗaya a shekara a ƙasar, kusan rabin na duniya baki ɗaya, ƙasar Cile na biye mata. Na kiwon ma a cikin abincin sa ake sa masa sinadarin da ke ba shi launi. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a kiwata shi a madatsar Bakolori ko a gulbin da ya ratsa Gusau ya wuce ta Bungudu. Ruwan nan ya yi masa zafi.

'Yan kallon finafinan Turawa za su tuna wani fim na 2011 mai suna Salmon Fishing in the Yemen, wanda Ewan McGregor da Emily Blunt su ka fito a ciki, ɗan wasan Masar Amr Waked kuma ya fito a matsayin wani attajirin shehi da ya dage sai an kai samon ƙasar sa ta Yaman, an sake shi a kwarin hamada. Kowa ya ce hauka ne. Shehin dai ya na da dukiya da injiniyoyi. Amaryar Tudun Wada kuwa risho gare ta da kasko ɗaya.

Da daddare ta yanke shawarar gwadawa da yanka biyu, ta bar biyu saboda Inna. Wannan dabara ita ta cece ta. Ta yi abin da ta sani: ta jajjaga attarugu da albasa, ta zuba kayan ƙamshi, ta tsaida ruwan farfesu, ta saka kifi ta rufe, kamar yadda ake yi wa tarwaɗa. Ta tafi ta yi sallar isha'i, ta ɗan taɓa hira a waya. Ko da ta dawo ta buɗe tukunya, jan kifi ya koma fari-fari, ya dagargaje, wani farin abu kamar dafaffen ƙwai ya taso a kai, man sa duk ya tsere cikin romo. Maigida ya ɗanɗana, ya tauna, ya sake taunawa kamar mai cin auduga. Bai ce komai ba, ya nemi ruwa. Da ma faɗa ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya kuma aka ɗauke wuta. Sauran yanka biyun da ke firji su ka fara saki.

Nan fa ido ya raina fata. Kuɗi sun tafi, suruka na hanya, kifin da ya narke kuma ba a mayar da shi ƙanƙara a ajiye, musamman a garin da zafi ke lalata abinci cikin 'yan awoyi. Ta kwashe sauran ƙanƙarar da ke firjin ta mayar cikin kula, ta danna kifin a tsakiya cikin ledar sa, ta rufe. Asuba na yi ta buga wa gwaggon ta waya a Tsafe. Gwaggon nan ta shekara fiye da ashirin ta na tuyar kifi a ƙofar gida, ba ta taɓa jin sunan samon ba, kuma ba ta nuna sunan ya dame ta ba.

"Ke ɗiyar ga, bar kuka. Kihi ai kihi na," inji ta. "Shinshina ki ji, ya yi wari?"

"A'a Gwaggo, bai yi ba."

"Danna shi da yatsa. Naman ya dawo ko ya lotsa?"

"Ya dawo."

"To lahiya lau ya ke. Mai gare shi ko busasshe na?"

"Mai ne da shi sosai, har da wasu fararen layuka a jiki."

"To ke kin ka kashe na jiya. Kihi mai taushi wuta kaɗan shi ka so. Kin taɓa ganin an dahwa ƙwai awa guda? Ki aza kasko ya yi zahi, ki kwantar da shi ta bayan hwata, ki ƙyale shi. Kar ki dame shi da juyi. Ki tsaya kan shi, ban da waya."

Abin mamaki, abin da Gwaggo ta faɗa daga Tsafe shi ne abin da manyan kuku na otal-otal ke koyarwa. Ga uwargidan da wata rana irin wannan baƙo zai faɗo mata, ga yadda abin ya ke. Idan a daskare ya zo, a firji ake barin sa ya saki cikin dare, ko a tsoma shi cikin ruwan sanyi ya na cikin leda. Ba a shanya shi a rana, ba a zuba masa ruwan zafi. A shafa yatsa a tsakiyar tsokar, akwai wasu siraran ƙayoyi a jere, a zare su. A tsane shi da tsumma mai tsabta har ya bushe, domin jiƙaƙƙen kifi kama kasko ya ke yi. Kayan haɗi kaɗan ya ke so: tafarnuwa, citta, masoro, ɗan gishiri. Lemon tsami a ƙarshe ake matsawa, don idan ya daɗe a jikin ɗanyen kifi ya kan sauya masa tsoka. Mai cokali ɗaya ya isa, shi ma don kada ya kama, domin kifin zai fitar da nasa. Yanka mai kaurin yatsa biyu zai yi kamar minti biyar ta gefen fata, uwargida na kallon yadda launin ke sauyawa daga ƙasa ya na hawa sama. Idan ya wuce rabi, a juya sau ɗaya, a ba shi minti biyu ko uku, a sauke. Masu ma'aunin zafi su kan nemi digiri 63 a tsakiyar sa. Wadda ba ta da shi ta sa cokali ta ɗan buɗa: idan tsokar na rabuwa falle-falle, cikin kuma ya daina sheƙi irin na ɗanye, ya yi. Farin abin nan da ya taso a farfesun jiya ba cuta ba ne, alama ce kawai ta wuta ta yi yawa.

Saboda hawan jinin Inna, amarya ba ta sa dunƙulen ɗanɗano ba. Ta daka yajin ƙuli-ƙuli da kan ta, gishiri ɗan kaɗan. Ta dafa farar shinkafa, ta yi miyar alayyafo.

Wannan yajin ƙuli ya isa a tsaya a kan sa. Duk Bazamfare zai rantse gyaɗa tasa ce tun kaka da kakanni, kuma ya na da hujja, tunda Gusau da gyaɗa da auduga ta bunƙasa bayan jirgin ƙasa ya iso a ƙarshen shekarun 1920. Amma asalin gyaɗa daga Kudancin Amurka ta ke, jiragen ruwan Turawan Fotugal su ka kawo ta Afirka bayan shekarar 1500. Haka rogo, haka barkono, haka tumatir, duk daga nahiyar Amurka su ka fito. Masara ma baƙuwa ce daga can. Akwai ranar da wata mata a ƙasar Hausa ta fara riƙe tumatir a hannu ta na juya shi, ta na tunanin ko guba ne. Ba a san sunan ta ba, amma duk mai cin miyar dage-dage ya ci albarkacin ta. Na baya-bayan nan kuwa mutane da yawa sun gani da idon su: taliyar Indomie a ƙarshen shekarun 1980 ta shigo Nijeriya, yau ga ta a teburin kowane mai shayi daga Tsafe har Talatar Mafara.

Ba Bahaushe kaɗai ke ɗari-ɗari da baƙon abinci ba. Mutanen Japan, waɗanda duniya ta sani da cin ɗanyen kifi, da can ba su cin samon ɗanye, domin na tekun su ya kan zo da tsutsa, sai dai su gasa ko su sa masa gishiri. A 1986 ƙasar Norwe ta ƙaddamar da wani shiri na musamman don shawo kan su su karɓi nata na kiwo. Sai da aka kwashe kusan shekara goma ana lallashi kafin abin ya karɓu. Yau samon na cikin kifayen da aka fi so a abincin su na sushi. Wannan ba kira ba ne ga kowa ya ci ɗanyen kifi a zafin Gusau, a kiyaye. Ita dai Norwe ta daɗe da sanin hanyar tukunyar Nijeriya: busasshen kifin ta da Inyamurai ke kira okporoko ya ƙara samun gindin zama ne bayan an riƙa kai shi a matsayin agaji lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ga shi yanzu miyar su ba ta cika sai da shi.

To me ya sa finafinan Hausa ba su iya ba da irin wannan labari? Idan sabon abu ya shigo fim, fuska biyu gare shi. Ko dai a ba 'yar boko mai girman kai, wadda ta iya cin abincin Turawa amma ba ta iya tuƙa tuwo ba, a ƙarshe a sake ta ta yi nadama. Ko kuma a ba baƙauye ya yi kokawa da cokali mai yatsu a yi dariya, irin barkwancin da marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya ƙware a kai. Allah ya jiƙan sa, ya iya abin sa. Amma ina mace ta uku, wadda ta iya tuwon ta, ta ga abin da ba ta sani ba, ta gwada, ta ɓata, ta share hawaye ta sake gwadawa? Ita ce ta fi yawa a cikin masu kallo, ita ce kuma ba ta ganin kan ta a allo. Marubuta labari su kan ce girki ba ya riƙe ɗan kallo. Shirin Akushi Da Rufi na tashar Arewa24 ya nuna mutane na zama su kalli tukunya daga ɗorawa har saukewa. Kuma 'yan fim ne ya kamata su fi kowa tausayin baƙon abu, tunda ita kan ta sana'ar, daga fitowar Turmin Danya a 1990, ta sha kallon hadarin kaji kafin a saba da ita.

Gaskiya ɗaya dai, maigidan nan ya yi ɓarnar kuɗi. Man da likitoci ke yabo a jikin samon, wanda ake kira omega-3, akwai shi da yawa a kifin ƙanƙara da ake ce wa taitus, akwai shi a sadin na gwangwani, a farashin da bai kama ƙafar na samon ba. Wanda ya ɗauko kifi daga Abuja a kula kuma, ya sani caca ya ke yi da rana da lalacewar mota da wutar lantarki. Kada wata ta karanta wannan ta tada wa mijin ta hankali sai ya kawo jan kifi. Amma tunda an riga an sayo, ba a bar shi ya lalace don tsoro ba.

Da hantsi Inna ta iso. Amarya ta durƙusa ta gaida ta, ta kawo ruwa, ta koma madafa. Wannan karon ta kashe wayar ta, ta tsaya a kan kasko kamar mai gadi. Da azahar ta shimfiɗa ledar cin abinci, ta ajiye faranti, ta ja gefe ta sunkuyar da kai.

Inna ta daɗe ta na kallon farantin.

"Wanga mi na na? Nama na ko kihi?"

"Kifi ne, Inna."

"Kihi ja? Ba dai alade ba na ko? Yaron nan ya cika kwashe-kwashe." Ɗan fari ne, ba ta kama sunan sa.

Shi kuma daga bakin ƙofa ya ce, "Haba Inna, ga fatar sa nan, ga sawun ɓawon kifi a jiki. Daga teku ya ke. Abin ruwa kuma ai kin san ko yanka ba ya buƙata."

Ta juya yankan da yatsa, ta duba fatar da ta soyu ta yi ƙaras-ƙaras. Ta gutsuri kaɗan, ta dangwali yaji, ta yi bisimilla. Ɗakin ya yi tsit. Ta sake gutsura, wannan karon babba. Ta lalubi ƙaya da harshe ba ta samu ba. Sai da ta ci fiye da rabi sannan ta ɗago.

"Bai kai giwan ruwa ba," ta ce. "Amma babu ƙarni. Wa yad daka yajin ga?"

"Ni ce, Inna."

"Hannun ki na da kyau, ɗiyata."

Amarya ta tashi da sauri ta shige madafa, wai za ta ɗauko ruwa, alhali ga ruwa nan a gaban su.

Da la'asar da Inna za ta koma, ta sa aka ƙunsa mata ɗaya yankan a 'yar kula, ta ce za ta kai wa mutanen gida su gani da idon su, kada su ce ƙarya ta ke yi. Daga Gusau zuwa Bungudu ba nisa, ya isa da sauran ɗumin sa. An ce mutum bakwai su ka raba shi, har da maƙwabciyar da ta ce ita ba za ta ci ba, ta dai karɓi fatar.

Mako biyu bayan haka Inna ta sake zuwa ganin likita. Babu samon a gidan, babu kuma niyyar sake saye. Amarya ta aiki yaro kasuwa ya sayo taitus guda biyu, ta wanke da lemon tsami, ta tsane, ta zare ƙaya, ta kwantar da shi a kasko ta bayan fata, ta tsaya a kai. Inna ta ci, ta na mitar cewa har yanzu ba a gaya mata ranar da ya mutu ba, ta kuma miƙo faranti a ƙara mata.